Ɗaki Biyu Kafin Damina

Ya sanyin idaniyata, inuwata a tsakar rana, ruwan randa bayan wunin aiki, Autar Mama kuma autar zuciyata, gaisuwa da bege marar iyaka!

A kan bulo nake rubuto miki, a tsakiyar kangonmu, don na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna in miƙe, in na miƙe in zagaya. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, Yayanki kuma ya aiko cewa in damina ta faɗi ban rufe gida ba, a ɗage maganar aurenmu sai yadda hali ya yi. Sai yadda hali ya yi! Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kin tuna ranar da muka zo auna filin nan? Kina riƙe da bakin tef, kina ja da baya kina dariya, iska na wasa da mayafinki, Yaya na tsaye ya harɗe hannu. Ni ya kamata in ce ki tsaya. Kunyarsa ta hana ni, da son a ce mijin Auta ya isa. Sai cewa nake ƙara, ƙara. Ashe kowane takunki bulo ɗari biyu ne! Haka muka tashi da ɗaki shida.

Na kuma ruɗi kaina da karatun da nake yi wa masu ba ni aiki: wai babban gida ya fi araha in aka raba kuɗin ɗaki-ɗaki, tunda kicin, banɗaki, sokawe da ƙofar gida kuɗinsu ɗaya ne, ko ɗaki biyu ko goma. Gaskiya ne, amma ga mai kuɗin a hannu. Ni fa? Fandisho kaɗai ya haɗiye tarina na shekara biyu. Gini ya kai linta ya tsaya cak, siminti ya sake tashi, ƙadangaru sun riga ki tarewa. Jiya kafinta ya ɗaga kai ya duba, ya ce ko na sayar da babur har da mai babur, katakon rufin nan ba zai samu ba. Na taya shi dariya.

Haba farin watana! Shekara uku zan ƙara ina hangenki daga ƙofar gidanku saboda ɗakunan da ba mai kwana a ciki? Wace zuciya ce za ta iya?

Ga abin da na aikata ban shawarce ki ba, ki yafe mini. Na sayar da rodin ɗaki huɗu na sayi kwano da katako. Ɗaki biyu zan rufe, da kicin da banɗaki. Na san kin riga kin faɗa wa ƙawayenki shida, na san irin bakinsu. Tsoro nake ji, Auta, ba zan ɓoye miki ba. Tsoro nake kada ki ce na ba ki kunya.

Asabar da hantsi zan zuba kantar kicin, teburin simintin da za ki riƙa aikin girki a kai. A aikina ba na zuba kanta da ka. Sai matar gida ta tsaya na sa alama daidai ƙugunta, don kada sunkuyo ya kashe mata baya. Ki roƙi Yaya ya rako ki. In ba ki zo ba, na ji amsarki. Amma ko simintin zai daskare a buhunsa, ba zan zuba ta da tsayin wata ba.

Naki jiya, naki yau, naki har a rufe ni da ƙasa,
Birkilanki