Kasa a Ƙarƙashin Harawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Abdulƙadir, bayan gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya zaman baƙunta? Allah Ya yi albarka.

Bayan haka, ina sanar da kai jarrabawar da ta sami mahaifinka. Ran Talata da hantsi ya je gonarsa ta hanyar Zakka kwasar harawa. Ya cusa hannu ƙarƙashin tari, kasa ta sare shi. Macijiya ce mai kauri da nauyin jiki. Ba ta gudu in ta ji motsi, lafewa take yi, launinta kamar busasshen ganye, kuma ɓera take bi har inda aka tara amfanin gona.

Maƙwabtan gona, da kyakkyawar niyya, suka ɗaure masa damtse tam da robar tayar babur don kada dafi ya kai zuciya. Da muka isa asibiti a Katsina, likita ya ce dafin kasa nama yake ci, ɗaurin kuwa ya tsare shi wuri guda. Yatsun sun yi baƙi, ana shawarar yanke hannun. Na dama ne, wanda yake rubuta wa ɗalibai allo da shi.

Mahaifin naka ya ce mini, "Yaya, kada a tayar wa yaron nan hankali." Na saɓa masa, domin haƙƙinka ne ka sani. Ka sa shi a addu'a, ka gaida iyali da abokan zama. In da hali ka taho, ka gan shi kafin a yanke shawara.

Wassalam.
Baffanka, daga Safana.