Sunana a Fasfo, Nata a Baki

Ƙurban, Madina
Rajab 1419 (Nuwamba 1998)

Zuwa ga ƙanwata Azumi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara da duk mutanen Yakasai. Yaya ƙafar taki? Kin shafa man zaitun da na aiko, ko kin rabar kamar yadda kika saba? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Albishirinki. Matar Tahir ta sauka, an sami 'ya mace, kuma an yi mini takwara. Kin san autan nawa yana can ƙasar Wales tun da gwamnatin nan ta tura shi karatun noma, a wani gari Bango ne ko Bangor, inda ya auri Baturiyar nan da ta musulunta, Safiyyatu. Da ya bugo waya ya gaya mini, na rangaɗa guɗa har maƙwabciyata Ƙaltume ta shigo ba mayafi, ta zaci gobara ce. Na sa aka yanka rago a nan, na raba shinkafa har unguwar Al-Sih.

Ba za ki gane daɗin da na ji ba sai na gaya miki wani abu. Tun da maigidana Malam ya rasu sunana ya bi shi. Larabawan unguwa suna ce mini Ummu wane, da sunan ɗan farina. Jikokina na nan su ce Sitti, wato kaka, sauran jama'a Hajiya. A duk faɗin Madina Ƙaltume kaɗai ta rage mai tsayawa a ƙofa ta ƙwala Lauratu gatsal, don ta girme ni. Sai na ce to, ga shi Allah ya sake tsiro da sunan.

Amma farin cikin nawa bai yi kwana bakwai ba. Na tambayi Tahir wane suna za a sakaya mata, tunda ni na tarbiyyantar da shi, na san ko da wuƙa a wuyansa ba zai iya buɗe baki ya kira sunan uwarsa ba. Na ba shi zaɓi: Ummi, Mami, Walida. Ya yi ta kame-kame, kuɗin waya na tafiya. Daga ƙarshe ya ce ai matarsa ita kaɗai uwarta ta haifa, kuma tsohuwar ce ta yi ta zaman asibiti da su, saboda haka sun ga tunda dole a sakaya, bari a sakaya da sunan tsohuwar. Ya karanto mini baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya na rubuta: Angharad. Ni dai Angarad nake iya cewa, shi ma kamar tuwo ya sarƙe ni.

Kin ji fa, Azumi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kunyar da na koya wa ɗana ita ce tsagar. A fasfo ni ce. A bakin uwa da uba da maƙwabta, safe da yamma, wata ce. Na ce masa Allah ya raya, amma a ranar ko shayi ban iya sha ba.

Ki gaishe mini da kowa, ki sa ni a addu'a.

Yayarki,
Lauratu

Ƙurban, Madina
Zulhajji 1420 (Maris 2000)

Ƙanwata Azumi,

Gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Alhazanku sun iso, na karɓi kuka da daddawa, Allah ya saka da alheri. Daddawar ta fi ta bara.

Na ga faɗan da kika yi mini, wai babba da ni ina kishi da matar da ban taɓa gani ba. To na gan ta yanzu. Sun aiko hoto: tsohuwa siririya, furfura fes ba ɗankwali, ta rungume jikata a cinya tana dariya kamar ita ta yi naƙudar uban. Na lanƙwasa hoton ta gefenta na sa a firam, yanzu hannuwanta kawai ake gani. Wafa, 'yata da ke zaune da ni, ta ce aib ne ya Ummi. Na ce in aib ne ta rufe idonta in za ta wuce.

Abin da ya fi ci mini rai, wai sunan nasu har tarihi gare shi. Safiyyatu ta karɓi waya, da Larabcinta mai ɗingishi, tana so ta faranta mini. Ta ce sunan tsoho ne ƙwarai a harshensu, wanda ba Turanci ba ne, kuma daga kalmar so aka cire shi, ma'anarsa wadda ake matuƙar ƙauna. Ta ce matan sarakunansu na da sun amsa shi, har da wata matar sarki a arewacin ƙasar, wajen shekara ɗari tara da suka wuce, wadda aka rubuta yabonta saboda kyauta ga talakawa. Ta ce har gobe akwai fitattun mata masu sunan, ana ganinsu a talabijin. Yarinyar kirki ce, ba ta san gishiri take zuba mini a miki ba.

Washegari bayan na dawo daga Masallacin Ƙuba na aika a tambayo mini Malam Yahya ma'anar Lauratu. Ya juya littattafansa ya juya, ya aiko cewa shi dai bai gano asalinsa ba, amma suna ne mai kyau. Ji wata amsa! Sai na zauna na haɗa nawa tarihin. Gwaggo Lauratu, wadda aka sa mini sunanta, ba ita ta tako daga Kano da ƙafa ta ratsa Sudan, tana sayar da ƙosai gari-gari, har ta ga Ka'aba ba? Wace matar sarki ce ta yi wannan? Na sa Wafa ta ɗauki muryata a kaset na zayyana musu labarin kaf, na ce a riƙa sa wa yarinyar. Ban sani ba ko sun sa.

Na ji muryarta a waya, Azumi. Ta fara magana. Abin da take ta faɗi shi ne Nayin, Nayin, wai haka suke kiran kaka a can. Ni na sha wahalar uban, ni na yi jinyar ƙyandarsa a ɗaki ɗaya a unguwar Bab al-Majidi lokacin ko fanka ba mu da ita, amma kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Tsorona ɗaya ne: in mutu yarinyar nan ba ta san tana ɗauke da sunana ba, ta girma ta gan shi a fasfo kamar lambar mota.

Na ba Alhajiya Zenabu dabino da zamzam ta kawo miki. Ki gaida yara.

Taki har kullum,
Lauratu

Ƙurban, Madina
Jimada Awwal 1423 (Yuli 2002)

Azumi 'yar'uwata,

Sallama da fatan kuna lafiya, ya damina a wajenku? Mu nan zafi ne kamar a bakin murhu, amma ɗanyen dabino ya nuna, sai hamdala.

Sun zo! Tahir da matarsa da takwarata, hutun wata guda. Na yi fenti, na sayi gadon yara, na ɗinka mata abaya 'yar mitsitsiya. Kuma ba zan ɓoye miki ba, har da wani daɗi na daban a raina: tsohuwar ba Musulma ba ce, iyakar harami ta tsare mini ita. Na ce can ƙasarku kin ci kasuwarki, nan kuwa garin Manzo ne, fage nawa ne ni kaɗai.

Ashe ban san komai ba. Yarinyar kyakkyawa, goshin Malam sak, idanun uwarta. Na buɗe hannu na ce zo takwara, sai ta ɓuya a bayan uwar. Na ce Ummi, ko waiwaye. Uban ya ce Angarad, nan take ta ɗago. A cikin gidana, a kan dardumata! Na dama mata kunun gyaɗa ta kawar da kai. In barci ya zo sai kukan Nayin, tana rungume da wata 'yar rigar ulu da tsohuwar ta saƙa mata, a wannan zafin. Matar tana bayan teku amma ta riga ni shiga ɗakin.

Na hana kowa kiran sunan a gabana. Tahir ya rasa yadda zai yi: nawa ba ya iya faɗa, na surukarsa na hana. Yanzu sai dai ya ce ke, ko ya tafa hannu kamar mai kiran kaza. Wafa ta ce na mai da gidan mahkama, wato kotu. Na san yarinyar tana tsorona, ina ganin yadda take leƙena ta bayan labule. In suka koma a haka, shi ke nan, na zama tsohuwar nan mai ɗaure fuska ta Madina.

Ki yi mini addu'a, zuciyata ba daɗi.

Yayarki,
Lauratu

Ƙurban, Madina
Jimada Sani 1423 (Agusta 2002)

Ƙanwata abar ƙaunata Azumi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta iyali, ki gyara zama, yau akwai labari. Kuma tun yanzu ina gargaɗinki, ban da dariya.

Ranar Asabar da ta wuce mun shirya zuwa Ƙuba kamar yadda muka saba. Ƙaltume ba ta nan tun zuwansu, tana Jidda wajen ɗanta, sai ranar ta dawo. Ina ɗaki ina neman takalmi, sai ta tsaya a ƙofa ta ƙwala kiran nan nata: Lauratu! Kafin in buɗe baki, sai na ji wata siririyar murya daga tsakar gida ta ce na'am. Na fito da takalmi ɗaya a hannu. Ga yarinyar ta sheƙa ƙofa a guje, ta tsaya gaban Ƙaltume tana jiran a gaya mata abin da aka kira ta.

Na zauna a dokin ƙofa. Na dubi Tahir, ya sunkuyar da kai. Safiyyatu ce ta yi bayani, Wafa na cike mata inda Larabcin ya ƙare. Wai tun ana jego uwar Safiyyatu ta tambaya me ya sa ba wanda ke kiran sunan yarinyar na farko. Tahir ya gaya mata al'adarmu, cewa ɗa ba ya kiran sunan uwarsa, matar ɗa ma haka. Tsohuwar ta ce a wajensu girmama suna shi ne a kira shi, kuma sunan da ba a kira mutuwa yake yi. Ta ce tunda ita wannan kunyar ba ta hau kanta ba, ta ɗauki wannan aikin. Tun daga ranar ba ta taɓa kiran yarinyar da nata sunan ba, sai Lauratu. Ita ta tambayi yadda ake amsawa a wajenmu ta koya mata na'am. Kaset ɗin nan nawa kuwa a gidanta yake, ta sa Tahir ya fassara mata, har tana ba yarinyar labarin mai ƙosan da ta taka zuwa Makka.

Na ce da Tahir don me bai taɓa gaya mini ba? Ya ce duk ranar da ya ɗauko zancen surukarsa sai in ce kuɗin waya na ƙarewa. Wannan kuma gaskiya ne.

Na dubi yarinyar na kira ta da bakina, sunana, wanda ban taɓa tsammanin zan kira wani da shi ba. Ta zaro ido. Uwar ta gaya mata da harshensu cewa ni ce mai sunan, ni ce ta cikin kaset. Ta matso a hankali, ta taɓa awarwarona, ta haye cinyata. Ƙuba dai ba mu je ba ranar. Na yi kuka har Ƙaltume ta ce in ta san haka kiran nata zai yi da ta dawo tun tuni.

Kada ki ce kishin ya tafi, yana nan daram. Yanzu haushina shi ne matar nan ta riga ni. Shekara kusan huɗu tana yi mini hidima a bayan idona, ni kuwa ina nan na lanƙwashe mata fuska. Na ciro hoton na miƙar da shi, na ɗora masa dutsen guga, amma layin ya ƙi fita, ya ratsa ta kan kumatunta.

To ni ba a yi mini haka a ci bulus. Wanda ya yi maka kan kara, ka yi masa na itace. Na haɗa wa tsohuwar dabinon ajwa mai kyau da na'ana'ar Madina busasshiya da turare. Sannan na zaunar da Safiyyatu ta koya mini sunan daidai, da wannan 'ha' ɗin da ke tsakiyarsa, har maƙogwarona ya yi ciwo. Na kafa doka: can tsohuwar ta ci gaba da riƙe nawa, nan Madina ni zan riƙe nata, kuma sai na fi ta iya faɗa. Jiya a Uhudu, gaban masu sayar da tasbaha, na ɗaga murya na ce Angharad, wadda ake matuƙar ƙauna. Yarinyar ta juyo ta ce na'am, Sitti.

Jibi za su tafi. Ki gaishe da maigidan da yara, Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Lauratu Babba