Sunana Ba Zaituna Ba Ne

Zuwa ga Musaddiƙ, sanyin idona da ya zame mini tsakuwa a ciki, zumar da na lasa ashe da ƙudanta, bishiyar gawona mai yalwar ganye da rani, mai kakkaɓe shi ranar da hadari ya taso ina neman mafaka.

Gaisuwa wajibi ce, don haka na gaishe ka. Yau kwana tara kana kirana ina kallon waya har ta gaji ta yi shiru. Na san in na ɗauka muryarka za ta sanyaya mini jiki, ni kuwa ba na son in huce kafin ka ji abin da ke raina.

Ka tuna yammacin da muka zauna a bakin dam ɗin Kazaure, rana ta rina duwatsu ja, masunta suna fito da jiragensu gaɓa? A ranar ka ce in koya maka sunana. Sau bakwai harshenka yana tuntuɓe kafin ka furta shi daidai: Ozoemena. Ka tambayi ma'anarsa, na gaya maka abin da ban taɓa gaya wa wani namiji ba. Kafin ni mahaifiyata ta haifi uku, ta binne uku a nan Kazaure, babu wanda ya kai yaye. Da na zo, mahaifina ya rufe shagonsa na kayan gyaran babur, ya ɗauke ni a hannu, ya ce Ozoemena, wato kada hakan ya sake faruwa. Mahaifiyata ta ƙara da Nkemdilim, wato nawa ya zauna mini. A wurinmu Ibo suna ba ado ba ne. Tarihin gida ne, addu'ar iyaye ce da yaro zai yawo da ita har kabari. Idonka ya ciko da ƙwalla, ka ce ai kakarka ma Ajuji ake ce mata saboda irin wannan rashi, ka ce ashe ciwon ɗaya ne, harshe ne kawai ya bambanta. Wannan magana ce ta saye ni. Na ba ka zuciyata kamar yadda ƙasar fari ke karɓar ruwan farko, ban rage ko ɗigo ba.

Sai ranar sunan ɗan yayarka Halimatussa'adiyya a Babura. Na yi lalle, na ɗaura atamfar da ka zaɓa, na bi ka. An yanka rago, an raɗa wa jariri suna, gida ya cika da guɗa. Ka kai ni gaban Gwaggo, yayar mahaifinka, wadda ka ce maganarta ce yanke a gidanku. Na durƙusa na gaishe ta, ta yaba hankalina, ta ce, "'Yan mata, yaya sunanki?" Na buɗe baki, ka riga ni. "Zaituna ce, Gwaggo, 'yar Kazaure."

Wace ce Zaituna, Musaddiƙ? Wa ya haife ta? Wane rago aka yanka mata? A gidan da aka tara jama'a don a ba ɗan kwana bakwai suna, a nan ka tuɓe mini nawa na shekara ashirin da shida, kana murmushi. Na yini matan gidan suna kirana Zaituna, ina waige-waige kamar ɓarauniya, ina amsa sunan da babu hawayen kowa a kansa.

A mota ka ce don a zauna lafiya ne, wai in Gwaggo ta ji sunan Inyamurai za ta toshe kunne tun ba ta san halina ba, wai a hankali za su sani. Kai da ka tsaya gaban mahaifina ka ce addininka bai hana ka aurena ba, yau harufa takwas ne suka fi ƙarfinka? Yaran aji uku da nake koyarwa a Roni suna faɗin sunana ba gargada. Tsohuwar da nake sayen fura a wurinta tana faɗinsa. Sai kai, mai digiri, masoyina, kai ne ya yi wa nauyi a baka! Ƙanena sunansa Ahamefula, wato kada sunana ya ɓace. Da wane ido zan dube shi in na bar nawa a tsakar gidanku? Yau suna ne. Gobe sai ka ce mahaifiyata ta tsaya a soro ranar biki, don a zauna lafiya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne har yanzu ina sonka. In na ji ƙarar babur a ƙofar makaranta sai alli ya tsaya a hannuna. Ina tsine wa tsoronka da safe, da rana in kama kaina ina tunanin ko ka ci abinci. Sonka ya zame mini ƙarangiya a zane, in na cire ta soke ni, in na bari ta soke ni.

Ga abin da nake nema, ba zan rage ba. Ranar Asabar ka zo mu koma Babura. In durƙusa inda na durƙusa, ka ce wa Gwaggo ka yi ƙarya, ka faɗi sunana duka biyu, ka gaya mata ma'anarsu da bakinka. In ta kore ni, zan tashi da mutuncina, in jira ka shekara nawa ne ma. In kuwa ba za ka iya ba, kada ka turo kowa biko.

Abu ɗaya ya rage da ba ka sani ba. Tun watan jiya mahaifiyata ta raɗa maka suna, tana jiran ranar baiko ta faɗa maka: Nwannedinamba, wato ko a baƙon gari akwai ɗan uwa. Da shi take tambayata lafiyarka kullum, don ban gaya mata abin da ka yi ba. Zan rufa maka asiri har zuwa Asabar.

Wadda ba ta taɓa duban wani ba, kuma ko ka gaza ba za ta iya ba,

Ozoemena Nkemdilim