Yaya, Duna Ya Koyi Tsalle

Zuwa ga yayana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ƙanwarka ce Hadiza, daga Villeurbanne, nan gefen Lyon. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Amma ina da labarin karenka Duna, kuma ban ga wanda zai ji daɗinsa kamar kai ba.

Bayan sadakar ukunka a Saint-Denis, kowa ya san yadda za a yi da tufafinka da motarka. Duna ne aka rasa yadda za a yi da shi. Yana kwance bakin ƙofa, ya ɗora haɓa kan takalmanka na aiki. Kawu ya ce a kai shi gidan ajiye dabbobi. Sai na tuna abin da kakan faɗa idan na tsargu da shi: "Hadiza, abokin aikina ne. Tare muke gadi, tare muke jin sanyi." Na sa masa takunkumi, muka shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon, ni da ko zanena ba na bari ya shinshina.

Da Inna ta ji, ta kira daga Damagaram tana faɗa, wai ni da kare a ɗaki guda. Na ce mata na yi masa makwanci a 'yar farfajiyar bayan gidana, kwanonsa daban, kayan da nake fita da shi daban da na salla. Sai ta tambaya ko yana cin abinci.

Ba ya ci, Yaya. Yakan ɗan taɓa ya bari. Likitan dabbobi ya duba bai ga ciwo ba. Ni kuwa na zaci rashin sabo da ni ne, sai na sa mu ajin koyon biyayya, wajen wata mata da ake kira Madam Odil. Ranar farko ta yi ta ba shi umarni da Faransanci, yana kallonta kawai. Haushi ya kama ni na ce, "Kai, zauna mana." Nan take ya zauna. Ashe da Hausa ka hore shi, ba ka taɓa gaya mini ba. Yanzu har Turawan ajin sun iya cewa "kwanta".

Babu abin da ya gagare shi a ajin nan. Zama, kwanciya, tafiya daf da ƙafata, jira har sai an sallame shi, duk ya fi sauran karnuka. Amma da an gama sai ya kwanta ya zuba wa ƙofar filin ido. Haƙarƙarinsa suka fara fitowa. Wasu manoma miji da mata suka ce za su karɓe shi, suna da fili da tumaki. Na ce su ba ni zuwa ƙarshen sanyi. A zuciyata na riga na fara sallama shi, don ina tsoron ya mutu a hannuna.

Madam Odil ce ta tsayar da ni. Ta ce, "Biyayya ba ta rage masa komai ba. Wasa ne bai iya ba." Ta ce mu koma ajinta na ajiliti, inda kare ke tsallake sanduna, ya ratsa tsakanin turaku, ya hau katako mai lilo, ya bi ta cikin wani dogon bututun tamfol. Abin da ba ta faɗa da wuri ba shi ne, mai karen ma gudu yake yi. Ni da nake hawa tiram, jirgin nan na cikin gari, don tasha guda.

Da ka ga farkonmu, da ka yi dariya har ka riƙe ciki. Idan ya zo gaban sanda sai ya tsaya cak ya dube ni, yana jiran izini. Bututun kuwa ƙin shiga ya yi. Ya shinshina bakinsa, ya zagaya, ya dawo ya tsaya gadinsa kamar an ɓoye ɓarawo a ciki. Ni ina haki, mayafina ya karkace, ƙananan karnukan mutane suna wuce mu fiu.

Wata Asabar da aka kwana ana ruwa, Madam Odil ta riƙe shi a baki ɗaya na bututun, ni na zagaya ɗayan. Na durƙusa cikin taɓo, na cusa kaina ciki, na hango idanunsa can nesa. Ban ba shi umarni ba. Sunansa kawai na kira, a hankali, yadda kake kiransa idan kun taso aiki. Na ji tamfol yana motsi, kafin in ja baya ya fito ya banke ni na faɗi zaune. Sai ya juya da kansa ya sake shiga, ya fito ta can, ya sake dawowa, wutsiya tana kaɗawa. Babu wanda ya sa shi. Ranar ya cinye abincinsa har ya ture kwanon da hanci.

Ina zaune cikin taɓon nan kai na tuna. Kai ne mai tsallake katangar lakwal ɗinmu ta firamare da gudu, ka dawo ka ɗauke ni a kafaɗa. Tun da ka zo ƙasar nan ban sake ganin ka yi gudu don jin daɗi ba. Tsayuwa kawai, daga wannan ƙofa zuwa waccan, don in yi karatu. Na so a ce wani ya tsayar da kai ma, ya ce ka isa haka, je ka yi wasa.

Na kira manoman na ba su haƙuri. Duna yana nan wajena. Har yanzu yana tsoron katako mai lilo, ni kuma gwiwoyina suna ƙara, amma muna zuwa.

Allah ya jiƙan ka, Yaya. Ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi iya ganinka. Ka yi tsayuwa da yawa a duniya. Allah ya ba ka wurin hutawa mai sanyi, ya haɗa mu a Aljanna.

Taka har kullum,
Hadiza