Wanda Muka Sa Gashin Rago

Talata, 1 ga Maris

Alhamdulillahi. Yau jikata Zuhaira ta rubuta sunanta a allo, ba wanda ya riƙe mata hannu. 'Yar shekara takwas, wadda zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana goye. Ni sai da na haura hamsin na rubuta nawa a karatun yamma. Na bi masu shayin Tanout ɗaya bayan ɗaya ina ba su labari. Wasu sun ji sau biyu, su yi haƙuri.

Malama Safiyatu ce ta buɗe makarantar kurame a ɗakuna biyu na gidan mahaifinta, Allah ya biya ta. Amma gaskiya Bebe ne ya buɗe kan yarinyar nan. Shi ma kurma ne, makiyayi daga wajen Belbeji, fari ya cinye masa dabbobi. Yara goma sha bakwai, duk maganar hannunsa suke yi.

Juma'a, 4 ga Maris

Bayan masallaci Hashimu, shugaban kwamitin iyaye, ya fassara mana wata takarda daga buron ferfe, wato ofishin mai mulkin gundumarmu. Daftarin doka ne. Duk mai riƙe da marayu, ko naƙasassu, ko tsofaffi, sai ya samu takardar izini, kuma a riƙa zuwa ana dubawa. Wannan ban ƙi ba. Ɗan mutum ba akuya ba ne da za a bai wa kowa kiwo.

Sashe na tara ne ya tsaya mini a wuya: mai koyarwa sai da difloma. Bebe ko takardar haihuwa ba shi da ita. In ya zauna, ba izini. In ya tafi, ɗakuna ne kawai suka rage.

Baƙi za su zo daga Yamai ranar sha shida, su ga wurare kafin a kai dokar majalisa.

Asabar, 12 ga Maris

Mun yi zama. Ni na kawo dabarar, kuma kowa ya yaba. Baƙo na gwamnati ba a tarbarsa da ruwa kawai, dole a yanka rago. Wa ya fi makiyayi iya rago? A sa Bebe gashin ragon a bayan katanga har su tafi.

Safiyatu ta ce, "Baba Mato, wannan ƙarya ce fa."

Na ce, "'Yata, ba ƙarya ba ce, rago ne."

Ba ta yi dariya ba.

Laraba, 16 ga Maris

Abin da ya faru yau, dole in rubuta.

Su uku suka zo. Shugabarsu mace ce, Madam Rukaiya, siririya, mai tabarau, Hausarta ta Maradi. Tun daga ƙofa Hashimu ya yi mata albishir da rago. Ta ce a yi haƙuri, mai dubawa ba ya cin abincin wurin da yake dubawa, hakan ma yana cikin dokar. Hashimu ya dube ni kamar an mare shi.

Ta shiga aji. Ashe ta iya maganar hannu, amma irin ta makarantun birni. Ta yi wa yara tambaya, suka yi mata zuru. Ta sake, zuru. Safiyatu ta gwada, da ɗan abin da ta iya, yara biyu suka amsa a karkace. Na ga matar ta buɗe biro ta fara rubutu, fuskarta ba daɗi. Na ce a raina, Mato, ka kashe makarantar nan da dabararka.

Sai Zuhaira ta miƙe ta fita, ba ta nemi izinin kowa ba. Can sai ga ta tana jan mutum da riga, hannuwansa duk maiƙo, toka har gira. Ya goge hannu a wando, ya tsaya gaban aji, ya ɗaga yatsu.

Ajin ya tashi! Hannuwa talatin da huɗu a sama. Ya ba su lissafi da awaki, suka amsa. Ya sa wata ta ba da labarin yadda ake jan guga a rijiya mai gaba arba'in, muka gane duka, har mu jahilan hannu. Madam ta aje biro. Ta yi masa magana da irin nata, ya gyara mata da irin nasa, suka yi ta yi, har ta cire tabarau tana share ido don dariya.

Daga baya ta ce, "Wa ya ɓoye wannan malami?"

Kowa ya dubi ƙasa. Na ce, "Ni ne, ranki ya daɗe. Amma sashe na tara ne ya aike ni."

Ta ce in maimaita a hankali, ta rubuta.

Alhamis, 17 ga Maris

Mu muka cinye ragon da yara. Ya ƙone ta gefe ɗaya. Ban taɓa cin nama mai daɗinsa ba.

Litinin, 9 ga Mayu

An gyara sashe na tara! Hashimu ya karanta mana sabuwar takardar sau uku. Wanda ya yi shekara uku a aiki, in iyaye uku suka yi masa shaida a rubuce, za a jarraba shi a gaban yaransa, in ya ci ya zauna. Majalisa ba ta zauna a kai ba tukuna, amma an ce mu fara haɗa takardu.

An kuma lissafa mana laifinmu: rijiyar tsakar gida ba murfi, makewayi ɗaya ga maza da mata. Gaskiyarsu. Shekara huɗu muna wuce rijiyar nan, sai da baƙuwa ta gani. Mun sa gayya ranar Lahadi.

Na ce ni zan rubuta shaida ta farko, da hannuna.

Asabar, 14 ga Mayu

Na zauna, na ja layi, na rubuta "Ni Mato Zakari na shaida cewa," sai biro ya tsaya. Ba a rubuta Bebe a takardar gwamnati. Na nemi sunan a kaina, babu. Kunya ta hana ni tambayar Safiyatu.

Na ɗauki Zuhaira muka same shi yana gyaran igiya. Ta yi masa tambayar. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya share ƙasa da tafin hannu, ya rubuta da yatsa: ILA HARIS. Wai yaran ne suka koya masa baƙaƙe.

Na kwafe. Na ƙara Malam a gaba, takarda ce ta hukuma.

Malam Ila ya ce gobe bayan la'asar, in an gama gayya, yana da lokacin koyar da maganar hannu. Ba karatu zan je ba, yarinya zan raka. Na dai yanke farce.