Makarantar Bakin Kurmi

Asabar, 4 ga Fabrairu, 2023

Yau muka haƙa harsashi. Aji biyu da ɗan sito, a bakin kurmin Unguwar Sanda. Ƙungiyar su Malama Bushra, masu kare namun daji, za su ba da siminti da kwano da littattafai, mu kuma mu ba da ƙarfi. Sharaɗi ɗaya ne: ba a kashe birin kurmi, ba a sare itacensa. Ranar da aka kashe ko ɗaya, su janye. Ni na sa hannu a madadin gari, tunda ni kaɗai ne malamin.

Kawu Gwadabe, yayan innata, Bamaguje mai kula da tsafin kurmin, ya yi ta dariya. Wai tun kakanninsa ba a taɓa jifan jan birin nan da mugun nufi ba, sai yau za a rubuta masa a takarda. Na tsokane shi da cewa ai an ce biri a hannun malam yakan yi guɗa, a hannun Bamaguje sai kuka. Ya ce, "Masu karin maganar ba su zo garinmu ba, Ayuba."

Asabar, 11 ga Maris

Gayya. Har mata sun ɗebo ruwa. Marka, wadda 'yan bindiga suka kashe mijinta bara a hanyar Mahuta, ta fi kowa jigila. Ta ce min so take 'yarta Mansura ta iya karanta takardar asibiti da kanta. Bango ya kai kafaɗata. Rabona da farin ciki irin wannan na manta.

Talata, 20 ga Yuni

An buga kwano. Babu wanda ya zo gani.

Mutanen daji, 'yan bindigar nan, sun aiko: duk wanda ya taka gonakin gabas, ya ɗauki likkafaninsa. Gari duka ya dawo ya matsu a 'yan filayen bakin kurmi, kowa kunya goma, ashirin. Malama Bushra ta daina zuwa, hanya ba ta biyuwa. Sai waya, in na hau tudu.

Lahadi, 9 ga Yuli

Sai yau Marka ta yi shuka. Kowa ya makara bana.

Kawu ya ce birai sun ninka. Harbe-harbe sun koro na cikin daji, duk sun taru a kurminmu. Su ma gudun hijira suke, kamar mutane.

Litinin, 11 ga Satumba

An buɗe makaranta. Yara sittin da uku! Mansura a layin gaba, ta riƙe fensir kamar za a ƙwace. Darasin farko na ƙungiya ne: amfanin kurmi da halittun cikinsa. Na zana biri a allo, suka ce ya fi kama da mai unguwa.

Alhamis, 21 ga Satumba

Kaico. Ni da na girma a kan rumfar gona ina buga gwangwani, ta yaya na manta?

Masara ta yi goyo. A garin nan tsaron biri aikin yara ne, daga hantsi zuwa azahar, yayin da manya ke wani aikin. Ni kuwa na kwashe yaran duka na zuba a aji, daidai lokacin. A shekarun baya masara takan shiga rumbu kafin a koma makaranta. Bana an makara da shuka, ban yi wannan tunanin ba.

Na je gonar Marka. Biran ba ci kaɗai suke ba, su ɓare, su gutsura, su yar. Rabi ya tafi. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Malam, wannan ce kaɗai gare mu."

Litinin, 25 ga Satumba

Yara goma sha tara.

Na gwada mayar da karatu yamma. Birai ma suna dawowa da yamma, kuma babu uwar da za ta bar ɗanta waje bayan la'asar a wannan zamani. Na kira Malama Bushra. Ta ce a gwada shingen ƙaya da hayaƙin barkono. Ba laifinta ba ne, ba ta taɓa ganin biri ya tsallake shinge ba. Ta ƙara da cewa in yara suka gaza talatin, manyanta za su rufe shirin. A kashe biri a rufe, a bar biri a rufe.

Talata, 3 ga Oktoba

Huɗu. Mansura ba ta ciki. Daga aji ina jin gwangwaninta.

Marka ta same ni bayan an tashi. Ta san akwai kwalbar maganin ƙwari a sito, ta lambun makaranta. Ta ce, "Ara min makulli, Malam." Na ce na sa hannu a takarda. Ta ce, "Takardar za mu dafa?" Na ce Kawu fa, da kurminsa? Ta ce Kawu ba shi da marayu uku.

Na ce a'a. Sau biyu na faɗa.

Laraba, 4 ga Oktoba

Ban ba ta ba. Na dai manta shi a kan taga.

Asabar, 7 ga Oktoba

Birai goma sha huɗu, matattu, a bakin rafi. Wata da ɗanta a maƙale a jikinta. Sauran sun yi nisa cikin kurmi, ko kukansu ba a ji. Ban je ba, labari aka ba ni. An ce Kawu shi kaɗai ya haƙa ramin, ya hana kowa taɓa fatanya.

Ban iya cin abinci ba.

Litinin, 9 ga Oktoba

Yara hamsin da takwas. Mansura ta dawo layin gaba. Da na ga ajin ya cika na ji daɗi, ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba. Allah Ya yafe min.

Ana cikin kiran suna Kawu ya shigo, bai yi sallama ba. Ya ajiye kwalbar a kan teburina, babu komai ciki, da makullin a gefenta. Ya dubi zanen birin da har yau ban goge daga kusurwar allo ba, ya ce, "Ashe dai sun zo garinmu, masu karin maganar." Ya fita. Bai kira ni Ayuba ba.

Da azahar na cika fom ɗin wata-wata na ƙungiya. A gurbin biran da aka kashe na rubuta sifili.

Yau ranar darasin kurmi ce. Lissafi muka yi.