Ekutar ta Yaya Habu ta dawo

Daren Lahadi, Gidan Amumune.

Alhamdulillahi, ekutar da marigayi Yaya Habu ya bar mini, wadda ake sawa a kunne a saurari rediyo, ta dawo. Kwana tara tana wurin Isuhu mai gyaran rediyo, hankalina a tashe, don na ga irinta sak bisa teburinshi.

Da ya miƙo ya ce, "Baba, kamfani guda ne, ko an musanya mi ya ɓaci?"

Na ce, "Kai ka san kamfani, ni na san tawa."

Tawa ƙirar farko ce, wayarta kauri gare ta, kuma ta kunnen hagu kaɗai take shiga. Ta baya an raba mata waya biyu. Na shafa, tawa ce.

Ban gode mishi ba, tunda ya ce mini rigimamme. Gobe zan aika mishi goro, amma kar a ce daga wurina ne.